Daga Akra zuwa Kano: tafiyar awa biyu mai cin yini guda

Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a zangunan Akra, musamman ranar da aka bugo waya daga gida ana sanar da ɗaurin aure ko rasuwa: daga nan zuwa Kano awa nawa ne a jirgin sama? Amsar ta danganta da wanda ka tambaya. Matashin da ya duba taswira a wayarsa zai ce maka awa biyu ma ba ta cika ba. Hajiyar da ta saba saro kaya a Kantin Kwari za ta ce in ka bar gida da asuba ka samu isha'i a Kano, to ka gode wa Allah. Wanda kuwa mota kaɗai ya sani zai ce ka ware kwana biyu ko uku, ka riƙe guzuri. Babu maƙaryaci a cikinsu, abin da kowa ya auna ne daban.

Maganar ta cancanci a zauna a warware ta, domin ga mutanen Sabon Zongo da Nima da Maamobi, Kano da Katsina da Sakkwato ba baƙin wurare ba ne. Can ne tushen gidaje da dama, can ake tura yara karatu, can ake saro kaya, can ake zuwa gaisuwa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma idan tafiya ta yi wuya, zumunci kan koma na waya kawai.

Abin da lissafi ya nuna

Idan aka ja layi miƙe daga filin jirgin saman Akra, wanda aka fi sani da Kotoka, zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, tazarar kusan kilomita 1,200 ce. Jirgin fasinja na zamani, idan ya kai inda yake miƙewa, wato kilomita 10 zuwa 12 a sama, yana gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa. In ka raba, za ka samu kamar awa ɗaya da rabi. Sai dai jirgi ba ya fara tafiya da cikakken gudunsa. Sai an turo shi daga inda ya yi lodi, ya gangara a hankali zuwa bakin titin tashi, ya jira izinin hasumiya, ya tashi ya yi ta hawa na wajen minti 20. Can gaba kuma tun da sauran nisa zai fara saukowa, ya rage gudu, ya shiga layin masu sauka. Lokacin da ake rubutawa a tikiti ya haɗa duk wannan, daga motsawar jirgi a wurin lodi zuwa tsayawarsa a wurin saukewa, shi ya sa ake ƙara kamar rabin awa a kan kowace tafiya. Ke nan da akwai jirgi kai tsaye, Akra zuwa Kano ba za ta wuce awa biyu ba.

Wannan ƙarin ya fi fitowa fili a gajeriyar tafiya. Akra zuwa Legas kilomita 400 ne kacal, abin da jirgi zai cinye a rabin awa in a miƙe yake, amma a jadawali awa guda ce. Akra zuwa Landan kuwa kilomita 5,100 ne, ninki goma sha biyu da ɗoriya, amma awa shida da rabi zuwa bakwai ta ishe shi.

Sai batun agogo, wanda ke rikita matafiya da yawa. Agogon Najeriya da Nijar yana gaban na Gana da awa ɗaya, tikiti kuma yana rubuta lokacin kowane gari da agogon garin. Jirgin da ya bar Akra ƙarfe 8:00 na safe za ka ga an rubuta ya sauka Legas ƙarfe 10:00, alhali awa ɗaya ya yi a hanya. A dawowa, wanda ya bar Legas ƙarfe 11:00 zai sauka Akra ƙarfe 11:00. Wanda bai lura da wannan ba yakan ɗauka yana da sauran awa guda kafin jirginsa na gaba, ashe babu.

Iska ma tana da nata rabon. A arewacin tekun Atlantika akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama, don haka 'yan zangon da ke zaune a Bronx sun san cewa tafiya daga Akra zuwa New York, mai kilomita 8,200, ta fi dawowa tsawo. Siyasa kuma takan lanƙwasa miƙaƙƙen layi: lokacin da Nijar ta rufe sararin samaniyarta daga 6 ga Agusta zuwa 4 ga Satumba 2023, jiragen da ke zuwa yankinmu daga Turai sai da suka riƙa kewayawa, tafiya ta ƙara tsawo. A Kano kuwa babban abokin gabar jadawali shi ne hazo. Daga Disamba zuwa Fabrairu akwai ranakun da ƙura kan rufe gari har matuƙi ba ya hango titin sauka, sai a jinkirta jirgi, ko a karkatar da shi, ko a soke tashin baki ɗaya.

Yadda tafiyar take a zahiri

Duk wannan lissafi na jirgin da babu shi ne. A 'yan shekarun nan ba wani jirgin fasinja na yau da kullum da ke tashi daga Akra ya sauka Kano kai tsaye. Dole a ya da zango, galibi a Legas ko Abuja. Kamfanoni irin su Africa World Airlines na Gana da Air Peace na Najeriya suna haɗa Akra da Legas, daga can kuma a nemi jirgin cikin gida.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne ratsen ba wani nisa yake ƙarawa ba. Akra zuwa Legas kilomita 400, Legas zuwa Kano kusan 835, jimla 1,235. Ta Abuja kuwa 900 da 365, jimla 1,265. Ko ta ina aka bi, ƙarin bai kai kilomita 100 ba, zaman cikin jirgi duka bai wuce awa biyu da rabi zuwa uku ba. To ina sauran yinin yake tafiya?

Mu ƙaddara wani magidanci a Sabon Zongo yana da jirgin ƙarfe 8:00 na safe. Tun da tafiyar ƙetare ce, ana son ya isa filin jirgi awa biyu zuwa uku kafin tashi, saboda haka kafin a kira assalatu ya riga ya ɗaure kaya, ya tare tasi, don ya wuce mahaɗar titunan Sakul kafin cunkoso ya farka. A filin jirgi za a auna jakarsa, a duba fasfo, a nemi katin allurar shawara. Ya sauka Legas ƙarfe 10:00 agogon Najeriya, ya bi layin jami'an shige da fice, ya tsaya jiran jaka, ya wuce kwastan. Kafin ya fito sha ɗaya ta gota. A Legas ɓangaren jiragen ƙetare daban yake da na cikin gida, sai ya fita da kayansa ya hau mota zuwa can, ya sake bin layi, a sake auna jaka, a sake bincike. Idan ya yi sa'a akwai jirgin Kano da azahar. Idan ya kuskure masa, sai na yamma ko na dare. In an ƙara jinkirin da ba a rasawa, mutumin da ya zauna a jirgi awa biyu da rabi ya shafe awa goma zuwa sha biyu daga ƙofar gidansa zuwa Fagge a Kano.

Akwai kuma haɗarin da ba a faɗa wa baƙon tafiya. Yawanci tikiti biyu ake saye daga kamfanoni biyu da babu wata yarjejeniya a tsakaninsu. Idan na farko ya makara har na biyu ya tashi, kamfani na biyu ba ruwansa, fasinja ne bai zo ba. Sai sabon tikiti, ko kuɗin sauya rana, da kuɗin masauki. Wannan ne ya sa waɗanda suka saba suke barin tazara mai yawa tsakanin jiragen biyu, wasu ma su kwana wajen 'yan'uwa a Agege, cikin Legas. Hanyar lafiya, in ji masu magana, a bi ta da shekara.

Mai zuwa Yamai ma haka abin yake. Tsakanin Akra da Yamai kilomita 900 ne da 'yan kai, amma galibi sai an bi ta Lome, cibiyar kamfanin ASKY, ko ta Abijan. Mai zuwa Maraɗi ko Damagaram kuwa, saukarsa Yamai farkon wata tafiyar ce.

Ta ƙasa

Mafi yawan mutanen zango ba ta sama suke bi ba. Tikiti ya yi tsada, kuma ɗan kasuwa da kayansa yake tafiya, jaka ɗaya ko biyu masu kilo 23 ba za su ɗauki sarinsa ba. Daga Akra zuwa Legas a mota bai kai kilomita 500 ba, tafiyar da a cikin ƙasa ɗaya za a yi ta tsakanin hantsi da la'asar. Amma akwai iyaka uku a hanya: Aflao tsakanin Gana da Togo, Hilakonji tsakanin Togo da Benin, sai Seme tsakanin Benin da Najeriya. A kowace sai an tsaya an buga hatimin fita da na shiga, an duba kaya. Tsakanin iyakokin kuma ga shingaye, kowanne da abin da yake nema. Aljihun matafiyi yakan ga kuɗi iri uku a yini ɗaya, sidi da sefa da naira, kuma kowane canji da ɗan abin da yake ci. Haka yini yake ƙarewa. Daga Legas zuwa Kano kuma sama da kilomita 1,000 ne, doguwar bas takan kwana a hanya.

A takarda babu abin da ya kamata ya tsare kowa. Tun 1979 ƙasashen ECOWAS suka sa hannu kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa damar shiga wata ya zauna har kwana 90 ba biza. Amma mutanen zango sun fi kowa sanin cewa iyaka tana da ranar fushinta. Dattawa ba su manta da dokar korar baƙi ta gwamnatin Busiya a 1969 ba, wadda ta raba gidaje da yawa a Nima da Sabon Zongo, haka kuma korar da gwamnatin Shagari ta yi a 1983. Najeriya ma ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Hanyar arewa, wadda manyan motocin albasar Galmi ke bi zuwa kasuwannin Akra, ita ma ta ƙara wuya saboda rashin tsaro a gabashin Burkina Faso da rufe gadar Malanbil da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023. A Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS.

Da can yaya aka yi?

Hanyar nan ta girmi ƙasashen da take ratsawa. Tun kafin zuwan Turawa fataken Kano da Katsina da Sakkwato, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suke fataucin Gwanja. Ayari yakan tashi ƙarƙashin madugu, da jagaba a gaba, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare kogin Kwara, ya bi ta Nikki da Jugu da Sansanin Mango da Yendi har Salaga, inda goron Asante yake jira. Baturen nan mai yawon bincike, Clapperton, ya haɗu da irin wannan ayari a Kaiama a 1826, yana komawa ƙasar Hausa daga Gwanja. Zuwa da dawowa kan ci rabin shekara, wani lokaci shekara guda. A dawowa aikin ya fi yawa, domin goro ba ya son sakaci: a jera shi a huhu cikin ganyen fita, a riƙa kwancewa a zango ana tsince wanda ya fara lalacewa, ana yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. Su ma fataken ba tafiyar ƙafa kaɗai ke cinye musu watanni ba. Akwai jiran fito a bakin kogi, da cinikin kuɗin wucewa da sarkin kowane gari, da jiran labarin ko hanya ta yi lafiya.

Yaƙin da Ingila ta ci Asante a 1874 da yaƙin basasar Salaga na 1892 suka watsa wannan kasuwa, fatake da malamai suka gangara kudu. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Wasu suka wuce Kumasi da Akra. A irin wannan yanayi ne Malam Bako, ɗan Malam Na'inno, ya samu fili daga sarakunan Ga ya kafa Sabon Zongo wajen 1912.

Wanda ya fi nuna yadda sabuwar hanya ke sauya arziki shi ne Alhassan Ɗantata. An haife shi a Bebeji a 1877, ɗan madugu ne, mahaifiyarsa kuma ta zauna a Akra, ya biyo ta. Yana cikin 'yan kasuwar arewa na farko da suka riƙa loda goro a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas, wato Gana ta yau, zuwa Legas. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma haɗa layin da Legas a 1912, tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. A taswira hanyar teku da dogo kewaye ce, amma ta kauce wa fito da masu tare hanya, sai ta kashe tsohuwar hanyar jakuna.

Da jirgin sama ya zo, Kano ce ta fara cin moriyarsa. Jirage uku na sojan saman Ingila da suka taso daga Masar sun sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, su ne na farko da suka sauka a Najeriya. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum zuwa Kano da Legas, aka miƙa ta zuwa Akra a 1937. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1940, jiragen yaƙi da ake harhaɗawa a Takoradi ta Legas da Kano da Maiduguri suke bi zuwa Hartum da Alkahira. Bayan yaƙi, jiragen BOAC masu zuwa yankinmu daga Landan sukan sauka Kano su sha mai bayan sun ƙetare Sahara, KLM ma tun 1947 take sauka can. A 1946 aka kafa kamfanin jirage na haɗin gwiwar Najeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, wato WAAC. Har yau a taswirar matuƙa jirage, sararin samaniyar Najeriya da sunan Kano aka san shi.

Abu biyu suka rage wa Kano wannan matsayi. Sababbin jirage masu dogon zango ba su da bukatar tsayawa shan mai. Sannan 'yancin kai ya sa kowace ƙasa ta so nata kamfani da tutarta a wutsiyar jirgi: Gana ta kafa Ghana Airways a 1958, WAAC ta watse a shekarar. Daga baya kamfanonin ƙasashen suka bi juna suka durƙushe, Air Afrique a 2002, Nigeria Airways a 2003, Ghana Airways a 2004.

A duba Turai

Tsakanin Amstadam a Holan da Basalona a Sifaniya kilomita 1,240 ne, kusan daidai da Akra zuwa Kano. Tafiyar awa biyu ce da kwata, kuma jirage da yawa ne ke yin ta kowace rana. Mutum na iya tashi da safe ya halarci jana'iza ya kwana a gidansa. Babu layin fasfo, domin ƙasashen biyu suna cikin yarjejeniyar Shengen da ta fara aiki a 1995, babu canjin kuɗi tun da yuro ya shiga hannun jama'a a 2002, agogonsu ma ɗaya ne.

Ba haka Turai take ba tun asali. Har zuwa shekarun 1980 gwamnatoci ne ke raba hanyoyi tsakanin kamfanoninsu na ƙasa, su tsayar da farashi. Tarayyar Turai ta warware wannan daki-daki, har zuwa Afrilun 1997 lokacin da kowane kamfani na ƙasashen ƙungiyar ya samu ikon ɗaukar fasinja tsakanin kowane gari biyu a cikinta. Daga nan kamfanonin rangwame irin su Ryanair da easyJet suka bazu, suka haɗa ƙananan garuruwa kai tsaye ba tare da bi ta babban birni ba. Gaskiya ne Turawa sun fi mu kuɗin sayen tikiti, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Amma kuɗin nan suna da shi tun kafin 1997, sai da doka ta canza hanyoyin suka yawaita.

Abin takaicin shi ne ɗan Nima da ke aiki a Amstadam, mai nisan kilomita 5,200, zai iya riga ɗan'uwansa da ke karatu a Kano isowa gida, in an kira su a lokaci ɗaya.

Me ya hana mu?

Dalili na farko doka ce. Jirgin fasinja ba ya shiga wata ƙasa sai bisa yarjejeniya tsakanin gwamnatoci biyu, wadda a al'ada ita ke faɗin kamfanonin da za su yi jigila, garuruwan da za su sauka, da sau nawa a mako. Afirka ta daɗe tana alkawarin sassauta wannan. An yi sanarwar Yamusukuro a 1988, aka mai da ita ƙuduri a 1999, sannan a Janairun 2018 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Adis Ababa, da Gana da Najeriya cikin masu sa hannu. Aiwatarwa ce take tafiyar hawainiya, domin kowace gwamnati tana tsoron kamfanin maƙwabciya ya cinye nata.

Na biyu tsada. Man jirgi da hayar jirgi da kayan gyara da inshora duk da dala ake lissafinsu, fasinja kuwa sidi da naira yake samu. A kan wannan ga harajin gwamnati da kuɗin filin jirgi da na tsaro, waɗanda a gajeriyar tafiya sukan zama babban kaso na kuɗin tikiti. Shugabannin ECOWAS da kansu sun amsa cewa abin ya yi yawa: a taronsu na Abuja a Disamban 2024 suka amince a soke wasu haraji a kuma rage kuɗin fasinja da na tsaro da kashi 25 cikin 100 daga Janairun 2026. Amfanin wannan ga matafiyi ya rataya ne a kan yadda kowace ƙasa ta cika alkawari.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar mu, kuma ba a cika maganarsa ba. Kamfani ba ya buɗe hanya sai ya ga alƙaluman matafiya. To mutumin da ya sayi tikitin Akra zuwa Legas daban, na Legas zuwa Kano daban, a littafin kamfanoni mutum biyu ne: ɗaya mai zuwa Legas, ɗaya ɗan cikin gida. Wanda ya bi mota kuwa ba ya cikin littafin sam. Saboda haka mai duba alƙaluma a ofis zai ga kamar ba mai zuwa Kano daga Akra, sai ya ƙi sa jirgi, rashin jirgin kuma ya ci gaba da ɓoye matafiyan.

Aikin Hajji ya nuna cewa wannan kulli yana kwantuwa. Kakanninmu sukan bar Gwalkwas su bi ta Kano da Maiduguri da Sudan, su yi shekaru kafin su ga Makka, wasu ma a hanya suka zauna. Yau Akra zuwa Jidda, kilomita 4,600, tafiyar wajen awa shida ce a jirgin shata, kuma tun 2016 alhazan arewacin Gana daga Tamale suke tashi ba sai sun gangaro Akra ba. Abin da ya kawo jirgin shi ne an san yawan mutanen, an san ranar, an tara kuɗin wuri ɗaya.

Abin yi

Ga mai shirin tafiya yanzu, shawara kaɗan ce. Ka lissafa tafiyarka daga ƙofar gida zuwa ƙofar gida, kada ka tsaya ga abin da tikiti ya rubuta. Ka nemi tikiti ɗaya da ya haɗa jiragen biyu in yana samuwa, in babu ka bar aƙalla awa huɗu a tsakani. Ka tuna agogon Najeriya yana gaba da awa ɗaya. A lokacin hazo kada ka sa tafiyarka ranar jajibirin abin da za ka je yi. Katin allura kuma ya zauna tare da fasfo.

Ga shugabanni kuwa, kayan aikin duk suna nan. Akra ta buɗe sabon ɓangaren jiragen ƙetare a 2018, filin jirgin Kano yana karɓar jirage daga Jidda da Alkahira da Adis Ababa, ba a bukatar biza, kuma hedikwatar yankin ciniki maras shinge na Afirka a Akra take. Akwai ƙananan jirage masu kujera 50 da ke aiki a yankin, waɗanda kilomita 1,200 ba komai ba ne a wurinsu. Sau biyu a mako mutum 100 ke nan kowane ɓangare. Ko za a samu wannan adadi daga zangunan Akra da Kumasi, da 'yan kasuwar Kwari da Kurmi, da ɗalibai, da masu zuwa maulidi da ziyarar shehunnai, tambaya ce da ƙirga kaɗai zai amsa.

Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa sun fi kowane kamfani sanin wanda ya tafi, da inda ya nufa, da abin da ya kashe. Su buɗe rajista a Sabon Zongo da Nima da Maamobi na shekara guda, su haɗa kai da ƙungiyar 'yan kasuwa ta Kano, su gwada jirgin shata a lokacin wani babban taro, sannan su kai alƙaluman gaban kamfanoni da ma'aikatun sufurin ƙasashen biyu. Gyaran doka da rage haraji aikin gwamnati ne, kuma a ci gaba da matsa mata. Amma ƙirga matafiya ba ya jiran izinin kowa, littafi da biro kawai yake bukata, kuma ya kamata a fara shi tun bana.